Ina za a sa zane na biyar? Tarihin jera zane-zanen alƙaluma, daga hannu zuwa kwamfuta

Idan kana buɗe mujallun kimiyya ko rahotannin hukumomin lafiya, ka saba da irin hoton nan: shafi ɗaya ne, amma an yanka shi gida-gida, kowane gida da ɗan zanensa na alƙaluma, an yi musu alama a, b, c, d. Ido yakan bi ta kansu da sauri, kamar haka suka faɗo daga sama. Alhali wani ne ya zauna ya yanke wanne zai hau sama, wanne zai sauka ƙasa, wanne zai zauna kafaɗa da kafaɗa da wanne. A yau kuma galibi umarni ake rubuta wa kwamfuta ta yi wannan jeri.

To a nan ne wata 'yar matsala take, wadda duk mai rubuta irin wannan umarni ya san ta. Ka gaya wa kwamfuta ta raba shafi gida huɗu, sahu biyu da ginshiƙi biyu, ta kuma cika su. Sai ga sabbin bayanai sun iso, suna neman zane na biyar. Ina za a sa shi? A share komai a faro daga farko, ko da yadda za a ce wa huɗun nan su ɗan matsa? Tambayar kamar ta wasa, amma an daɗe kafin manhajoji su iya amsa ta cikin sauƙi. Abin da ya sa ta cancanci a ba da tarihinta kuwa, wurin da aka ajiye zane yana cikin hujjar da zanen yake kawowa. Ka canja jerin, abin da mai kallo zai gani ya canja.

Kafin mu yi nisa, mu daidaita kalmomi uku. Shafin gaba ɗaya za mu kira shi babban zane. Kowane ƙaramin zane da ke cikinsa, ɗan zane. Wurin da ɗan zanen yake zaune kuma, gurbi. Ka riƙe bambancin ɗan zane da gurbinsa, don labarin nan duk a kansa yake.

Galton da taswirori 279

Dabarar jera ƙananan zane iri ɗaya ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Francis Galton, wani masani a Ingila, ya rubuta wa masu auna yanayi a ƙasashen Turai ya roƙe su su aiko masa da abin da suka auna a watan Disamban 1861, sau uku kowace rana: safe, rana da yamma. Ya tattara matsin iska, da inda iska take kaɗawa tare da ruwan sama, da kuma zafi ko sanyi. A 1863 ya buga sakamakon a littafinsa *Meteorographica*.

Ga yadda ya jera su. Kowace rana ta samu 'yan taswirori tara, sahu uku da ginshiƙi uku. Sahun sama matsin iska ne, na tsakiya iska da ruwa, na ƙasa zafi. Ginshiƙan kuma lokutan yini ne. Kwana 31 sau tara, taswirori 279 ke nan. Idan idonka ya bi sahu, kana kallon abu ɗaya yana sauyawa daga safe zuwa yamma. Idan ya bi ginshiƙi, kana kallon abubuwa uku a lokaci guda. Daga wannan aiki ne Galton ya lura cewa inda matsin iska ya yi yawa, iska takan kewaye wurin tana juyawa kamar hannun agogo, akasin yadda take yi a wurin guguwa. Shi ya raɗa wa abin suna, antisaikulon, kuma da shi masu hasashen yanayi suke kiransa har yanzu.

Amma ka duba tsadar abin. Dole ne ya yanke tsarin kafin a fara zane, kuma da zarar an kai wurin masu ɗab'i, magana ta ƙare. Da zai so ya ga yadda abin zai kasance idan an sa zafi a sama, sai dai a sake aikin baki ɗaya. Ɗan zane da gurbinsa abu ɗaya ne, tawada ɗaya ce ta yi su.

Bertin da tsinkensa

Mutumin da ya mai da sake jeri wani ilimi mai zaman kansa shi ne Jacques Bertin, masanin taswira a birnin Faris na Faransa. A 1967 ya buga *Sémiologie graphique*, littafin da har yau masu nazarin zanen bayanai suke komawa gare shi. Ra'ayinsa a taƙaice shi ne, zanen da aka yi don bincike ba a gama shi a zama ɗaya. Ana ginawa ana rushewa har sai abin da ke ɓoye cikin alƙaluman ya fito fili.

Bai tsaya a baki ba, ɗakin bincikensa ya ƙera kayan aiki. Wasu 'yan tubala ne ƙanana masu huda, kowanne da fentin da ke nuna girman adadi, daga fari zuwa baƙi. Ana jera su kamar jadawali, sannan a soke sahu guda da tsinken ƙarfe, kamar yadda mai tsire yake soke nama. Sai a ɗaga sahun ɗungurungum a kai shi wani wuri. Idan ginshiƙai ake son juyawa, sai a zare tsinkunan a soke ta ɗaya ɓangaren. Haka za a yi ta yi har baƙaƙen tubala su taru waje ɗaya, farare waje ɗaya, sannan a ɗauki hoton jerin.

Ka ga a nan an raba abu da gurbinsa ke nan, da hannu. Wani abin mamaki shi ne, kwamfutocin zamanin ba su iya wannan ba, kuma sun ɗauki lokaci kafin su kamo tsinken Bertin.

A tsakanin nan an samu wasu abubuwa biyu da suka ƙara wa jera zane daraja. A 1973 Francis Anscombe ya haɗa rukunin alƙaluma huɗu, kowanne da ɗigo 11, waɗanda matsakaicinsu ɗaya ne, layin da ya fi dacewa da su ma ɗaya ne. A lissafi ba ka bambance su. Da aka zana su gida huɗu a shafi guda, sai ga ɗaya a warwatse, ɗaya a lanƙwashe, biyu kuma ɗigo ɗaya tak ne yake jan akalarsu. Gani ya kori ji. A 1983 kuma Edward Tufte ya yaɗa sunan da ake kiran salon da shi a Turance, wanda ma'anarsa ita ce ƙanana da yawa iri ɗaya.

Zamanin da kwamfuta ba ta iya gogewa

Me ya hana kwamfuta yin abin da tubalan roba suka yi? Amsar tana cikin na'urorin da take zane da su. Tun daga 1959, lokacin da kamfanin CalComp ya fito da na'urarsa mai lamba 565, zanen kwamfuta yana nufin biro na gaske yana yawo a kan takarda ta gaske. Abin da biro ya rubuta ya rubutu. A shekarun 1970 aka samu allunan Tektronix masu haske kore, waɗanda suke riƙe duk layin da aka zana musu. Su ma ba a iya goge ɓangare ɗaya a bar sauran. Sai dai allon ya yi walƙiya, komai ya tafi.

Harsunan kwamfuta na lokacin sun ɗauki wannan hali. A 1976 John Chambers da abokan aikinsa a Bell Labs na Amurka suka fara harshen S don nazarin alƙaluma. A cikinsa, kafin ka zana komai, kana faɗin adadin sahu da ginshiƙi ta wani saiti mai suna `mfrow`. Daga nan duk zanen da ka yi zai faɗa gurbi na gaba. Idan ka ce huɗu, sannan ka kawo na biyar, sabon shafi zai buɗe. Manhajar ba ta ajiye zanen farko a matsayin wani abu da za ta iya ɗauka ta matsar ba. Ta shafa shi ne kawai, kamar mai fenti a bango. Harshen R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, ya gaji wannan saiti, kuma yana nan har yau.

A ɓangaren injiniyoyi, MATLAB ne ya yi tashe. Cleve Moler ya fara rubuta shi a ƙarshen shekarun 1970 don ɗalibansa, aka kafa kamfanin MathWorks a 1984. Daga nan ne umarnin da kusan kowa ya sani ya fito: `subplot(2, 2, 1)`. Ma'anarsa, raba shafi sahu biyu ginshiƙi biyu, ka ba ni gurbi na ɗaya. Yana da sauƙin haddacewa, shi ya sa ya yaɗu. Amma ka lura da abin da yake ɓoye a ciki: kowane ɗan zane yana ɗauke da girman jadawalin duka a cikin adireshinsa. Kamar a ce adireshin gidanka shi ne "gida na uku cikin gidaje huɗu". Ranar da aka gina na biyar a layin, adireshin kowa ya lalace.

Akwai ma wani tarko. Idan ka kira sabon gurbi wanda ya hau kan wani tsoho, sai manhajar ta share tsohon shiru, ba sallama. Ka rubuta `subplot(2, 3, 5)` a kan jadawalin gida huɗu, ka nemi wasu daga zanenka ka rasa.

Sha'ir ɗin Morris

Yanzu bari ka ga dalilin da ya sa jeri ya wuce kwalliya. A 1931 da 1932 masana aikin gona a jihar Minesota ta Amurka sun gwada irin sha'ir goma a wurare shida: Waseca, Crookston, Morris, University Farm, Duluth da Grand Rapids. Iri goma, wuri shida, shekara biyu, alƙaluma 120 ke nan. Immer da abokan aikinsa suka buga su a 1934. Ronald Fisher, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin ƙididdiga na zamani, ya sa wani ɓangare nasu a littafinsa kan tsara gwaje-gwaje, kuma manyan masana suka yi ta nazarinsu shekara da shekaru.

A 1993 William Cleveland na Bell Labs ya zana su a littafinsa *Visualizing Data*. Kowane wuri ya samu ɗan zanensa, duka a sikeli ɗaya, shekarun biyu kuma da alamomi daban-daban. Bai jera wuraren bisa haruffa ba. Ya jera su ne bisa yawan amfanin da suka bayar, Grand Rapids mai ƙaranci a ƙasa, Waseca mai yawa a sama. Nan take wani abu ya yi tsalle ya fito. A wurare biyar, 1931 ta fi 1932 albarka. A Morris kaɗai abin ya juye, kuma tazarar ta yi kama da ta sauran wuraren, sai dai a birkice. Cleveland ya ce da alama wani ne ya musanya shekarun biyu wajen kwafa. Kusan shekara 60 ke nan alƙaluman suna hannun ƙwararru.

Labarin bai ƙare a nan ba, kuma ƙarshensa ya fi farkonsa darasi. A 2013 Kevin Wright ya tono alƙaluman wasu shekarun na waɗannan gonaki, ya nuna cewa irin wannan hawa da sauka yakan faru saboda yanayi da halin kowace gona, don haka mai yiwuwa ba kuskuren kowa ba ne. Wato jerin ya yi aikinsa, ya nuna inda ya kamata a tsaya a yi tambaya. Amsar kuwa sai da aka koma ga gona da tsoffin takardu.

Daga wannan aiki ne Cleveland da Richard Becker suka gina tsarin Trellis, sunan da suka aro daga ragar katako da ake kafa wa tsiro mai yaɗo. Sabon abin da ya kawo shi ne, ka daina ƙirga gurabe da kanka. Kana cewa ne a yi maka ɗan zane ɗaya ga kowace gona, manhaja ta duba bayanan ta ga gonaki nawa ne, ta yanka shafin daidai. Idan gobe gona ta bakwai ta shigo, umarninka bai canja ba. Deepayan Sarkar ya kawo wannan tsari cikin R da sunan lattice, a kan harsashin grid da Paul Murrell ya gina. Sannan Hadley Wickham ya fito da ggplot2 a 2007, bisa tunanin littafin Leland Wilkinson na 1999, inda `facet_wrap` yake naɗe 'yan zane sahu-sahu gwargwadon yawansu.

Wannan ya warware rabin matsalar: inda 'yan zanen duk iri ɗaya ne. Saura inda suka bambanta, a ce taswira babba a hagu, zane biyu ƙanana a dama, wani dogo a ƙasa.

Hunter da Matplotlib

John Hunter masanin ƙwaƙwalwa ne a Jami'ar Shikago, yana nazarin siginar lantarki daga ƙwaƙwalwar masu ciwon farfaɗiya. Manhajar da ɗakin bincikensu yake amfani da ita ta kuɗi ce, tana da wani ɗan makulli da ake soka wa kwamfuta, sai an yi layi ana jiran juna. Ya fara rubuta madadinta a MATLAB, daga baya ya koma harshen Python, kuma a 2003 ya saki Matplotlib kyauta ga kowa.

Don kada waɗanda suka saba da MATLAB su sha wahala, ya kwaikwayi umarninsa, har da `subplot`. Shi ya sa har yau, a harshen da komai yake fara ƙirga daga sifili, gurbin farko na `subplot` lamba ɗaya ne. Tarkon share tsohon zane ma ya biyo gadon.

Amma a ƙarƙashin wannan riga ta aro, ginin daban yake. A Matplotlib babban zane wani abu ne da ke zaune a ma'ajiyar kwamfuta, yana riƙe da jerin 'ya'yansa. Kowane ɗan zane ya san layukansa, da rubutunsa, da sikelinsa, sannan yana da lambobi huɗu da ke faɗin inda yake: nisansa daga hagu, nisansa daga ƙasa, faɗinsa da tsayinsa, duka tsakanin 0 da 1. Ba a shafa komai a allo sai an ce a nuna, kuma duk lokacin da aka ce a sake nunawa, daga waɗannan lambobi ake farawa. To ka ga idan ka canja lambobi huɗun nan, ɗan zanen ya tashi ya koma wani wuri da kayansa duka. Tsinken Bertin ya shigo kwamfuta ke nan.

Abin da ya rage shi ne hanyar da mutum ba zai riƙa lissafa waɗannan lambobi da kansa ba. Ita ce ta zo a 2010, a fitowa ta 1.0, lokacin da Jae-Joon Lee, masanin taurari, ya rubuta `GridSpec`. Shi jadawali ne zalla, ba zane a cikinsa, kamar filin da aka yanka fuloti-fuloti ba a yi gini ba. Kana iya ba ɗan zane fuloti ɗaya, ko biyu a haɗe, ko sahu guda sukutum. Kana iya cewa ginshiƙin farko ya ninka na biyu faɗi. A wannan fitowa ce kuma Fernando Pérez ya ƙara `subplots`, mai samar da babban zane da 'ya'yansa a layi ɗaya. Hunter ya rasu a watan Agustan 2012 yana da shekara 44, amma aikin ya ci gaba a hannun masu sa kai.

Ga amsar tambayar da ke kan wannan rubutu, yadda ake yinta a yau:

```
sabo = fig.add_gridspec(2, 3)
for i, ax in enumerate(fig.axes):
    ax.set_subplotspec(sabo[i])
na_biyar = fig.add_subplot(sabo[4])
```

Layin farko ya yanka sabon fili mai gurbi shida. Na biyu da na uku sun bi tsofaffin 'yan zane huɗu ɗaya bayan ɗaya, sun ba kowanne sabon gurbi. Na ƙarshe ya kafa baƙon a gurbi na biyar, wanda lambarsa 4 ce tunda a nan daga sifili ake ƙirga. Ba abin da aka share, ba abin da aka sake lissafawa. Idan kana son juya jerin, sai ka juya lambobin gurabe kawai. Da can akwai wani umarni mai suna `change_geometry` da ake wannan aiki da shi, za ka gan shi a tsofaffin misalai a intanet, amma an yi masa ritaya tun fitowa ta 3.4 a 2021. Halin nan na share zane a ɓoye shi ma an fara gargaɗi a kansa a 2022, aka cire shi a fitowa ta 3.8 a 2023.

Rubutu ba ya ƙanƙancewa

Da an matsar da 'yan zane, wata matsalar take kunno kai. Gurbi ana auna shi ne da kason shafi, rabi ko sulusi. Rubutu kuwa, wato take da lambobin gefe da sunan sikeli, girmansa tsayayye ne. Idan gurabe suka ƙaru daga huɗu zuwa shida, kowane ɗan zane ya rage girma, amma rubutunsa yana nan yadda yake. Sai ka ga taken na ƙasa ya hau kan lambobin na sama.

A 2011 aka kawo `tight_layout`, wanda yake auna rubutun sau ɗaya ya gyara tazara. A 2018, a fitowa ta 2.2, aka kawo `constrained_layout`, wanda ya ɗauki wata hanya. Yana mai da shafin jerin sharuɗɗa ne: gefen hagun wannan ya yi daidai da na wancan, kada rubutu ya taɓa rubutu, kada komai ya fita daga shafi. Sai ya miƙa su ga wata dabarar lissafi mai suna Cassowary, wadda Greg Badros, Alan Borning da Peter Stuckey suka samar a ƙarshen shekarun 1990. Irin wannan dabara ce Apple ya ɗauka don jera maɓallai a allon wayoyinsa. Duk lokacin da aka sake nuna zanen, ana sake warware sharuɗɗan, don haka ka ƙara ko ka rage, shafin zai daidaita kansa.

Daga nan sai kowa ya shiga sauƙaƙa yadda ake faɗin jerin. A 2019 MATLAB ya fito da `tiledlayout`, wanda idan ka zaɓi salon kwarara, duk lokacin da ka kira `nexttile` tsofaffin zane suke matsawa da kansu. A ƙarshen wannan shekara Thomas Lin Pedersen ya saki patchwork ga masu R, inda `a | b` yake nufin a ajiye su gefe da gefe, `a / b` kuma ɗaya a kan ɗaya. A 2020 Matplotlib ya aro tunanin ya yi `subplot_mosaic`, inda kake zana jerin da haruffa:

```
AAB
CDB
```

A ya ci gurbi biyu a sama, B ya tsaya dogo a dama, C da D suna ƙasa. Kowane ɗan zane yanzu suna gare shi, ya daina zama na uku cikin huɗu. Ka sake jera haruffan yadda ka ga dama, umarnin da ke cika A ba zai san ma an yi ba.

Abin da manhaja ba za ta yanke maka ba

Shekara 160 bayan Galton, abin da yake cin watanni yanzu daƙiƙa yake ci. Sai dai sauƙin ya bar maka nauyi uku.

Na farko, bisa me ka jera? Yawancin manhajoji, idan ba ka ce komai ba, haruffa suke bi. A ce kana da ruwan saman kowane wata na jihohin Najeriya 36 da Abuja, 'yan zane 37. Jerin haruffa zai ba ka Abia, Adamawa, Akwa Ibom, Anambra, Bauchi, wato kudu, arewa, bakin teku, a cakuɗe. Jera su daga arewa zuwa kudu, sai ka ga damina tana tsawo sahu bayan sahu, ka kuma ga tudu ɗaya na watan Agusta da aka sani a Sakkwato da Kano yana rabewa biyu idan an gangara wajen Ibadan da Legas, inda ruwa yake ɗan tsagaitawa a wannan watan. Alƙaluman ba su canja ba ko ɗaya.

Na biyu, sikelinsu ɗaya ne? Idan ka ƙara ɗan zane, manhaja takan ba shi sikelin da zai cika gurbinsa. Sai ƙaramin tudu da babban dutse su fito tsayi ɗaya, mai kallo kuma ya ɗauka daidai suke. A Matplotlib `sharey` ne yake ɗaure su tare. Da Cleveland ya bar kowace gona da sikelinta, da ba a ga cewa tazarar Morris ta yi daidai da ta sauran ba. Akwai lokacin da raba sikeli ya fi dacewa, amma sai a faɗa a rubutun da ke ƙarƙashin zanen.

Na uku, wanne ka cire? Layi ɗaya ya isa ya fitar da ɗan zanen da bai goyi bayan hasashenka ba, sauran kuma su rufe gurbin har ba wanda zai san an taɓa samun wani a wurin. A zamanin biro da takarda, gurbin da ba kowa yakan tona asiri. Yanzu ba ya yi. Shi ya sa kyakkyawar al'ada ita ce ka rubuta ƙa'idar jerin da ta zaɓin a cikin umarnin kansa, misali a jera bisa yawan amfani, ko a bar duk wurin da bayanansa suka gaza wata shida, sannan ka maimaita ta a ƙarƙashin zanen.

Idan kai mai karanta irin waɗannan zane ne ba mai yin su ba, tambayoyin nan uku naka ne kai ma. Duk sanda ka ci karo da shafi mai a, b, c, d, ka duba lambobin gefe ka ga ko sikelin ɗaya ne, ka nemi dalilin jerin, sannan ka ƙirga 'yan zanen ka gwada da adadin wuraren da marubutan suka ce sun auna. Idan sun ce shida ka ga biyar, ka tafi ƙarshen rahoton ka nemo na shidan.